Rawar Muryar Pati

Kwanana huɗu a Alƙahira na gane an cuce ni. Na ɗauki takardar da wani dillalin karatu ya ba ni a Kano, mai tambari ruwan zinare a samanta, na nufi babbar jami'ar da ke Giza don a nuna mini sashen da ake koyar da gashi da motsa gaɓɓai. Shekara takwas na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Funtua, kuma babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda muke sallama ba mu da abin yi musu sai addu'a. Abin da na zo koya ke nan.

Matar da ke ofishin baƙin ɗalibai ta juya takardar gaba da baya, ta kira wani mutum, shi ma ya juya ta. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ma'alish, ya binti, ki yi haƙuri. Wannan ba tamu ba ce. Ba ke ce ta farko ba."

Na kira lambar dillalin, a kashe. Na zauna a kan benci a bakin ofishin har aka kira la'asar. Wani tsoho mai shara ya wuce ni sau uku, a na huɗu ya ajiye mini shayi a ɗan kofin gilashi, ya ci gaba da shararsa. Shi ne abin da na ci ranar.

Maryam ce ta rufa mini asiri. 'Yar unguwarmu ce, na girme ta da kusan shekara goma, tana karatun shari'a, tana zaune da 'yan mata huɗu a wata shaƙƙa, wato gidan haya a bene, a unguwar Hay el-Sabi'. Suka shimfiɗa mini katifa a falo. Da safe su rataya jaka su tafi lacca, ni kuma in tsaya a taga ina kallon masu gasa burodi da masu ƙananan bas-bas da ake kira mikrobas suna ta ihu da juna. Ranar Juma'a in kira Inna. Ta ce, "Sa'ade, ya karatun?" In ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ana ta fama." Gonar da Baba ya bar mini aka sayar na yi wannan tafiya, kuma Inna ce ta tsaya gaban kawunnena sai da suka yarda. Da wane bakin zan gaya mata?

A wata na biyu na haɗu da Hajja Batula. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun bar ƙasar Katsina a ƙafa za su aikin hajji suka yada zango a hanya, zangon da ba su tashi ba har yau. Lalle take yi wa mata tana sayar da turaren wuta, kuma ta san masu gadin rabin gidajen Alƙahira. Ta saurari labarina tana kwaɓa lalle.

Ta ce, "Khalas, ya bitti, ya isa haka, kuka ba ya dawo da gona. Kin ce kin iya jinya? Akwai wata tsohuwa Ba'indiya a Zamalek, ta kori mata uku. Ki je ki zama ta huɗu, ko ki zauna."

Mikrobas na hau zuwa Abbasiya, daga nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Zamalek kamar ba Alƙahirar da na sani ba, itatuwa sun rufe tituna, motoci ba sa yawan hon. Ɗan tsohuwar, Mista Ramesh, injiniya ne a wani kamfani. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga kudancin Indiya bayan ta sami shanyewar ɓarin jiki na dama, don ba ta da kowa a can sai jikarta Anjali da ke makaranta. Da Turanci muka yi magana. Ya kai ni ɗakinta ya tsaya a ƙofa ya ce, "Amma."

Na tsaya ina jiran ya ƙarasa maganar. Bai ƙarasa ba. Sai daga baya na gane cewa a yarensu haka ake kiran uwa. Wata bakwai na yi a gidan, duk lokacin da ya ce "Amma" sai kunnena ya jira sauran zancen.

'Yar ƙaramar mace ce, baƙa kamar mu, gashinta fari fat an tufke shi baya. Hannun dama yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Ta ce in kira ta Pati, wato kaka. Wanka ta yarda in yi mata, magani ta sha, amma da na ɗauki hannun zan motsa yatsun sai ta fizge shi da na hagu ta ce, "Ya mutu. Ba a damun matattu."

Mako biyu muna haka. Ran nan da safe ina ninke kaya sai na ji ta kunna wani ɗan akwatin lantarki da ke gefen gadonta, mai fitar da sauti ɗaya dogo ba hawa ba sauka, kamar kukan injin niƙa daga nesa. Ta fara rera wani abu ƙasa-ƙasa, tana buga cinya da hannun hagu: ta buga, ta ƙirga yatsu uku, ta buga, ta juya tafi sama, ta sake bugawa, ta sake juyawa. Ban san abin da take rerawa ba, idona yana kan ɗaya hannun. Ƙaramin yatsan hannun da ta ce ya mutu yana ɗan ɗagawa daidai lokacin da na hagu yake ɗagawa.

Na ce, "Pati, mene ne wannan da kike yi da hannu?"

Ta ce sunansa tala, da shi ake ƙirga tafiyar waƙa. Shekara arba'in tana koyar da waƙar gargajiyar yankinsu, yara suna zaune gabanta a tabarma. Ta sa na ɗauko mata wani littafi mai bangon shuɗi daga aljihun tebur. Rubutun hannu ne, haruffa da ɗige-ɗige da layuka, ya tafi shafi ashirin da wani abu sannan ya tsaya a tsakiyar layi.

Ta ce, "Nan abin ya same ni. Malamina bai taɓa barin takarda ta shiga ɗakin karatunsa ba. Shekara goma sha biyu ina ɗauka daga bakinsa. Baitocin suna cikin littattafan ɗab'i, kowa zai iya saya. Yadda yake juya su kuwa babu shi ko'ina sai a kaina. Na ce zan rubuta wa Anjali, na yi jinkiri."

Na ce, "To me zai hana a ɗauki muryarki a waya?"

Ta harare ni. "Kin ji muryata? Rawa take yi inda ban aike ta ba. Su ɗauki ciwona su koya wa yara su ce ado ne?"

A nan na ga ƙofa. Na ce mata ni zan zama hannunta in rubuta, bisa sharaɗi ɗaya: duk talar da za ta buga, da hannun dama za ta buga, ko da zan riƙe mata shi. Juya tafi da ƙirga yatsu su ne ainihin motsin da nake roƙonta ta yi tun zuwana. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar kasuwa ce, ba nas ba."

Matakan murya bakwai ne a wurinsu: sa, ri, ga, ma, pa, da, ni. Ana rubuta harafin farko na kowanne. Ɗigo a saman harafi yana nufin a hau da shi sama, ɗigo a ƙasa a sauka. Waƙafi yana nufin a ja sautin da ya gabata, layi a saman haruffa kuma a ninka sauri. Cikin kwana goma na haddace wannan, har na fara jin kaina. Na cika shafi guda ba kuskure na miƙa mata.

Ta ce, "Rera abin da kika rubuta."

Ban taɓa waƙa a gaban mutum ba tun ina firamare. Na rera, ina taka kowane harafi ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa bene da tulu a ka. Pati ta yi dariya har sai da na goge mata baki. Ranar na fara jin dariyarta.

Ta ce, "Kin jera sunayen garuruwa. Ina hanyar da ke tsakaninsu?"

Wannan hanyar ita suke kira gamaka. Ba a dira a kan sauti kai tsaye. Wani a zamo zuwa gare shi daga na sama, wani a kaɗa shi tsakaninsa da maƙwabcinsa kamar reshe a iska, wani a ɗan taɓa shi a gudu. A littattafai akwai alamu: karkataccen layi don zamewa, lanƙwasasshen layi don kaɗawa. Amma alamar ba ta faɗa maka sau nawa za ka kaɗa, ko nisan da za ka kai, kuma a nan ne malaminta ya bambanta da kowa. Muka yi ta faɗa a kan yadda za a rubuta shi. A ƙarshe na ɗauko jan biro na riƙa zana hawa da saukar muryar a saman haruffan, kamar yadda muke zana zafin jikin majinyaci a kati, in sa lamba a gefe. Ta duba ta ce, "Mummuna ne. Ci gaba."

Wata rana na sa jan zane a kan sautin sa. Ta gani ta buga littafin ya faɗi ƙasa.

"Wa ya ce miki ana kaɗa sa? Sa da pa ba sa motsi, su ne ginshiƙan ɗaki!"

Na ce, "Na ji muryarki ta kaɗa a wurin, Pati."

Ta dubi littafin da ke ƙasa. Can ta ce a hankali, "Wannan ba ni ba ce."

Daga ranar aikina ya zama biyu. Ba rubutu kawai ba, sai na rarrabe rawar da ta nufa da rawar da ciwo ya kawo, kuma a nan aikin asibiti ya yi mini rana. Na lura rawar ciwo ƙanana ce mai sauri, tana zuwa a ƙarshen numfashi, ta fi yawa bayan azahar idan ta gaji. Ta gamaka kuwa tana da nauyi, tana da inda ta faro da inda za ta, kuma girar Pati ta hagu tana hawa tana sauka tare da ita. Sai na koma rubutu ido ɗaya a takarda, ɗaya a girarta. Inda na yi shakka in sa alamar tambaya da fensir, washegari da safe in tambaya. Ta amsa a fusace ko da yaushe, amma ta amsa. A wata na huɗu tana juya tafin hannun dama da kanta, a na biyar ta riƙe cokali.

Matsala daga gida ta taso. Nakan tafi da littafin Hay el-Sabi' in gyara rubutun. Maryam ta gan shi ta tambaya, na yi mata bayani. Fuskarta ta canza.

Ta ce, "Anti Sa'a, kin san wa ake yabo a waƙoƙin nan? Gumaka ne fa. Jinya daban, wannan daban. Kina taimakawa a adana shirka da hannunki."

Ba don ta ci mini fuska ta faɗa ba, yarinyar da ta ba ni katifa ce. Maganar ta zauna mini a ƙirji. Washegari na tambayi Pati kai tsaye me baitocin ke cewa. Ba ta ɓoye ba. Ta ce yawancinsu yabon abubuwan bautarsu ne, wasu na kewar masoyi, wasu kuma darasi ne zalla ba kalmomi. Na ce mata ni Musulma ce, ba zan iya ba. Ta ce, "Na ga kina salla a kan barandata sau biyu kullum, na san ko ke wace ce." Ba ta roƙe ni ba. Mako guda na yi mata wanka, na ba ta magani, littafin yana rufe. Hannun ma ta daina bugawa da shi.

Na kai wa Hajja Batula maganar. Ta ce ita ba malama ba ce, amma ta tambaye ni, "Kalmomin kike rubutawa?" Na ce a'a, haruffa bakwai ne da jan zane. Ta ce, "To ni abin da na gani, tsohuwa ta riƙe cokali. Sauran ki kai wa Wanda ya san zuciyarki." Maryam ta ce wannan ba hujja ba ce, kuma na san a makarantarsu ba za a karɓa ba. Na koma na gaya wa Pati zan ci gaba da rubuta sautukan, amma ba zan rubuta baiti ko in furta shi ba, idan zan rera da haruffan nan, su sa da ri, zan rera. Ta ce haka ma ake fara koya wa kowa. Har yau ban ce na warware mas'alar ba. Na dai zaɓa, kuma ina neman gafara idan na karkace.

A wannan makon na shirun ne na gaya wa Inna gaskiya. Ina ga ganin yadda tsohuwar ta amsa mini ba kwana-kwana ne ya ba ni kunya. Na faɗa mata komai, takardar bogi, katifar falo, bizar da ta ƙare har nake sauya titi idan na hango ɗan sanda. Inna ta bari na gama.

Ta ce, "Sa'ade, na sani tun da daɗewa. Ɗalibi yakan yi kukan jarrabawa, ke ko sau ɗaya ba ki taɓa ambatarta ba. Jira nake ki faɗa. Tsohuwar da kike kula da ita, tana cin abinci?"

Na ce tana ci, har cokali take riƙewa da kanta.

Mun gama waƙoƙi goma sha ɗaya, muna cikin ta sha biyu, wadda Pati ta ce malaminta ya fi so. Ranar wata Talata muka zarce har bayan azahar, don ta ƙi tsayawa. Kusa da ƙarshe, a kan sautin ni, muryarta ta yi wata kaɗawa sau uku, siririya, sannan ta zame ƙasa. Kaina yana sunkuye ina rubutu, ban ga girarta ba. Na zana abin da na ji da fensir, na sa alamar tambaya, na ce mata gobe. Ta ce, "Gobe."

Da na iso da safe mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce an tafi da ita asibiti. Ciwon ne ya dawo, wannan karon ya tafi da magana.

Anjali ta iso bayan kwana uku, doguwar yarinya mai tabarau. Ta zauna a bakin gadon asibitin da littafin a cinya, ta fara rerawa daga shafin farko. Ban taɓa jin waƙoƙin da lafiyayyar murya ba. Na tsaya jikin bango ina bin jan zanena da kunne, ga shi yana fitowa daga bakin wadda ban taɓa gani ba, hawa inda na hau, sauka inda na sauka. Sau biyu ta tsaya ta tambaye ni ma'anar wata lamba, na rera mata da haruffa, ta gyara. Idanun Pati a buɗe suke, suna kanta.

Da ta zo wurin alamar tambaya ta ɗago. "Anti, wannan fa?"

Na rera mata yadda na ji. Ta ce ba ta taɓa jin an kaɗa sautin ni haka a wannan waƙar ba. Ta rera da kaɗawar, ta rera ba ita, ta sunkuya kusa da fuskar kakarta ta tambaye ta da yarensu. Muka zuba wa girar ido mu biyu. Ba ta motsa ba. Hawaye dai ya gangaro ta gefen ido, amma yakan gangaro haka nan tun da aka kwantar da ita.

Anjali ta ce, "Ke nas ce. Me kika gani?"

Na ce, "Bayan azahar ne, ta gaji, kuma siririya ce kamar ta ciwo. Amma ba a ƙarshen numfashi ta zo ba, kuma ta san inda za ta sauka. Ban sani ba. Da na sani da ban sa fensir ba."

Bayan wata guda Mista Ramesh ya mayar da ita Indiya. Kafin su tafi ya raka ni ofishin shige da fice ya tsaya har aka daidaita takarduna, ya kuma rubuta mini shaidar aikin da na yi. Ranar tafiyar na gyara mata gashi na shafa mata mai a ƙafa. Na ce, "Pati, sai wata rana," da Hausa, don na ga Turancin bai isa ba. Ta kama gefen hijabina da yatsu biyu, sai da ɗanta ya ɓamɓare su a hankali.

Na dawo Funtua ba digiri, ba gona. Na koma asibitinmu, na roƙi a bar mini wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin magani, inda masu shanyewar jiki suke zuwa Litinin da Alhamis. Maryam ta turo mini littattafan gashi da motsa gaɓɓai guda biyu da ta samo a kasuwar tsofaffin littattafai, ba ta ce komai a kan waccan maganar ba.

Damina ta biyu da dawowata Anjali ta turo saƙo cewa Pati ta rasu. Tare da shi akwai sautin murya. Na fita bayan asibiti na kara wayar a kunne. Ajin Anjali ne, yara kamar shida suna rera waƙa ta sha biyu da haruffa, tana gaba suna binta. Na riƙe numfashi da suka doshi wurin. Suka kaɗa sautin ni sau uku, siririya, duk su shidan, sannan suka zame ƙasa tare.

Na rubuta mata, "Kin gano kaɗawar ta malaminta ce?"

Ta amsa nan take. "A'a. Na tambayi tsofaffi uku, babu wanda ya sani. Na goge alamar tambayarki, na bi zanen da jan biro. Ko ta ciwo ce, daga bakinta ta fito."